Daga Boɗinga zuwa Yankari: Me wayar hannu za ta iya a yawon kallon namun daji?

Duk mai bibiyar TikTok ko Facebook ya saba cin karo da bidiyon zaki ya biyo ɓauna a guje, ko garken giwaye suna tsallaka hanya a gaban motar 'yan yawon buɗe ido. Akasarin irin waɗannan bidiyoyi ana ɗauko su ne daga Serengeti ta Tanzaniya, ko Masai Mara ta Kenya, ko gandun Kruger na Afirka ta Kudu. Wannan fita ita ake kira safari. Kalmar Suwahili ce da ta samo asali daga Larabci, tushenta ɗaya da "safara" da Bahaushe ya sani. Ana shiga daji ne a mota mai buɗaɗɗen baya, tare da jagoran da ya san sawu da mashaya, a yi awa biyu ko uku ana zagayawa a hankali.

A Boɗinga da Shagari babu gandun da ake yin haka. Matashin da ya tara kuɗinsa yana son ya ga giwa ido da ido, wurin da ya fi dacewa da shi a Arewa shi ne Yankari a jihar Bauchi, tafiyar fiye da kilomita 700 ta Gusau da Funtuwa da Zariya. Wuni guda cur a mota, ga kuɗin masauki, ga na shiga. Abin takaici shi ne mutum ya yi wannan ɗawainiya, ya dawo gida ya buɗe wayarsa a majalisa, sai a ga wani ɗan ɗigo mai ruwan toka a tsakiyar ciyawa, yana rantsuwa cewa giwa ce. Ana iya kauce wa wannan idan an san iyakar wayar tun kafin a bar gida.

Ina ake zuwa?

An keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962. Ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata zuwa babbar ƙofa a Mainamaji, daga nan a ƙara tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji kafin a isa sansanin Wikki. A nan masaukai suke, da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ba ta sauka daga digiri 31 rani da damina.

A gandun akwai ɓauna, gwanki, kanki, mazo, mugun dawa, dorina, kada da birai masu yawa. Akwai kuma giwaye, waɗanda ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙiyasta yawansu tsakanin 100 zuwa 150, kuma suna cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya. Zaki ma yana nan, amma ganinsa sai mai tsananin rabo, domin zakunan da suka rage a ƙasar baki ɗaya, a Yankari da gandun Tafkin Kainji, ba su kai 50 ba.

Mai duba Google Maps zai ga wasu korayen wurare da suka fi kusa da Sakkwato, kamar Kuyambana a Zamfara, Kamuku a Birnin Gwari, da Kainji. Taswira ba ta san halin tsaro ba. Dazukan nan sun daɗe suna fama da 'yan bindiga, ba wurin zuwa yawo ba ne a halin yanzu.

A Jamhuriyar Nijar kuwa akwai raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Su ne irin raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe da suka rage. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga, amma da kulawa suka haura 600. A watan Nuwamba na 2018 an ɗauki guda 8 a mota, tafiyar kusan kilomita 800, zuwa gandun Gadabeji da ke yankin Dakoro a jihar Maraɗi. Sai dai a ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, direba da jagora. Saboda haka duk inda za a je, a fara tambayar hukumar gandun da mutanen yankin, kafin a tambayi manhaja.

Lissafin zumin

Babbar kyamarar yawancin wayoyi, daga itel da Tecno da Infinix har zuwa iPhone, an yi ta ne don ɗaukar fili mai faɗi: taron biki, ɗaki, jama'a a tsaye. A ma'aunin masu ɗaukar hoto tana kusan milimita 26. Ma'anarsa ita ce idan abu yana nesa da mita 100, tsayin abin da kyamarar ke gani daga ƙasan hoto zuwa samansa shi ma kusan mita 100 ne. Babbar giwa tsayinta a kafaɗa kusan mita 3 ne. Ke nan za ta cike kashi 3 cikin 100 na tsayin hoton. A hoto mai megafiksel 12, wanda tsayinsa ke da fiksel 3,000, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su ba da hoto, giwar ta samu 90 kawai.

Daga nan sai mutum ya sa yatsu biyu ya ja allo. A wayar da ba ta da kyamarar zumin ta daban, wannan jan ba ya kawo komai kusa. Wayar tana yanke tsakiyar hoton ne ta buɗa shi. A zumin ninki 2, kashi ɗaya cikin huɗu na fiksel ke saura. A ninki 10, kashi ɗaya cikin 100 ne. Ko da kwalin waya ya ce megafiksel 50, a ninki 10 rabin megafiksel ɗaya ya rage. Shi ya sa hoton ke fitowa kamar an shafa masa koko.

Wayoyi masu tsada suna da kyamara ta daban mai gilashin da ke jawo abu da gaske. iPhone 15 Pro Max tana da ninki 5, daidai da milimita 120. Galaxy S23 Ultra tana da ninki 10, milimita 230. Amma masu ɗaukar bidiyoyin da ake gani a TikTok suna aiki ne da gilasai masu milimita 400 zuwa 600, wani lokaci fiye, kuma suna shafe makonni a daji kafin su samu minti ɗaya mai kyau.

Hanya mai sauƙi ta gane irin zumin da waya ke da shi ita ce a duba bayananta a shafin kamfanin. Ramuka uku ko huɗu a bayan waya ba hujja ba ne. A wayoyi masu araha sau da yawa ɗaya ce ke aikin gaske, sauran na auna zurfi ne ko ɗaukar abu na kurkusa. Akwai kuma wani abin lura: idan aka matsa zumin sosai, sababbin wayoyi kan yi amfani da ƙirƙirarriyar basira su cike abin da ba su gani ba. Hoton zai yi kyau a ido, amma zanen fiffiken tsuntsun da ke ciki ba lallai ne ya zama nasa na ainihi ba.

Dabarar madubin hangen nesa

Wanda wayarsa ba ta da wannan kyamara bai kamata ya sayi sabuwa saboda tafiyar kwana biyu ba. Madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 8x42, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma yana aiki biyu. Na farko, da shi za a kalli dabbar sosai, wanda shi ne dalilin tafiyar. Na biyu, idan aka daidaita kyamarar waya a bakin ido ɗaya na madubin, hoton yana ninkuwa sau 8 ta gilashi na gaske, wato kusan milimita 200. Giwar nan mai fiksel 90 ta koma sama da 700.

Za a ga baƙin da'ira a gefen hoton, ɗan zumin kaɗan yana kawar da shi. Ana sayar da ɗan maƙalin roba da ke riƙe wayar a jikin madubin, ya fi riƙewa da hannu. Sai dai dabarar tana son natsuwa, domin ɗan motsi kaɗan shi ma ninkuwa yake yi sau 8. A jira direba ya kashe mota, a dogara gwiwar hannu a ƙarfen motar, a ɗauki hotuna da yawa a jere a zaɓi ɗaya daga baya. Kuma a gwada a gida tukuna, a kan balbela ko shanu daga nesa. Ranar da giwa ta fito ba ranar koyo ba ce.

Lokacin da ya fi, da abin da yake yi wa waya

Abin da ke kawo dabba kusa shi ne ƙishirwa da sanin jagora. Da damina ciyawa ta yi tsawo, ruwa ko'ina, dabbobi sun bazu. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuwa tafkuna sun ƙafe, sai su taru a kwarin kogin Gaji da ya ratsa gandun. A rana kuma, fitar sassafe da ta bayan la'asar su ne masu albarka. Da tsakar rana kowace dabba ta nemi inuwa, hasken ma ya yi tsananin da ke wanke launin hoto.

Matsalar ita ce lokacin da ya fi kyau ga kallo shi ne ya fi wahalar da waya. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyi ma kusan haka suke. Mutumin Sakkwato ya san abin da Maris da Afrilu ke yi, zafin kan haura 40. Wayar da ke ɗaukar bidiyo a cikin rana, allo a cikakken haske, tana kuma jone da fawabank, za ta yi zafi ta rage gudu, wata ma ta rufe kyamarar da kanta. A cire mata riga mai kauri, a ajiye ta a inuwa tsakanin ɗauka da ɗauka, kada a yi caji ana bidiyo. Ƙura ma abokiyar gaba ce. Ɗan ƙyalle mai laushi na goge gilashi ya fi gefen riga.

Caji, memori da taswira

A cikin daji sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuma wayar da ke ta laluben sabis tana shan batir da sauri. A sa ta a yanayin jirgin sama. GPS zai ci gaba da aiki, domin shi sauraron taurarin ɗan'adam yake yi, ba ya buƙatar data. Abin da ke buƙatar data shi ne zanen taswirar, don haka a sauke yankin Bauchi da Alkaleri a Google Maps tun daga gida, ko a yi amfani da Organic Maps ko OsmAnd waɗanda aka gina don aiki ba intanet.

Fawabank mai lamba 10,000mAh ba ya cika waya mai batir 5,000 sau biyu. Ana asarar kusan kashi ɗaya cikin uku wajen sauya ƙarfin wuta da zafi, don haka cikawa ɗaya ce da ɗan ƙari. Bidiyon 4K kuma yana cin tsakanin MB 170 zuwa 400 a minti ɗaya. Ga wayar da ke da GB 64 wadda WhatsApp ya riga ya cinye rabinta, 1080p ya wadatar, kuma bai kai 4K zafafa waya ba.

Hoto na iya tona asirin giwa

Kowane hoton waya yana ɗauke da ɓoyayyun bayanai da ake kira EXIF: irin wayar, ranar, lokacin, da kuma daidai inda aka tsaya idan an bar kyamara tana amfani da GPS. Facebook kan goge wannan daga hoton da jama'a ke gani, WhatsApp ma haka idan an tura a matsayin hoto. Amma idan aka tura shi a matsayin fayil don kada ingancinsa ya ragu, ko ta imel, bayanan suna tafiya da shi. Duk wanda ya karɓa yana iya ganin wurin a taswira.

A Afirka ta Kudu, inda ake kashe karkanda saboda ƙahonta, wasu gandaye sun kafa alluna suna roƙon baƙi su kashe wannan saitin. A can ne kuma wani yaro ɗan shekara 15, Nadav Ossendryver, ya kafa Latest Sightings a 2011, inda baƙin Kruger ke sanar da juna inda suka ga zaki ko damisa nan take. Dandalin ba ya wallafa inda aka ga karkanda. Duk da haka, a 2016 hukumar gandayen ƙasar ta koka cewa irin waɗannan manhajoji suna jawo gudun wuce kima da cunkoson motoci a kan dabba ɗaya. Darasi ne ga duk matashin da ke tunanin gina manhaja irin wannan a Arewa: bayanin da ya amfani mai kallo yana amfanar mafarauci ma.

Ga garken da bai wuce 150 ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shiga saitin kyamara a kashe alamar wuri kafin a shiga gandu. Kada a yi bidiyon kai tsaye ana faɗin inda giwaye suke. A bari sai an fito a wallafa, a ce Yankari kawai.

Fasahar da ke gadin su

Jagoran da ya ce wa direba ya bi ta nan maimakon can, sau da yawa yana haɗa sawu da kashin da ya gani ne da labarin masu gadin daji. Su kuma masu gadin suna da nasu na'urorin. WCS, wadda ta ƙulla yarjejeniyar aiki a gandun da gwamnatin Bauchi a 2014, ta ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai GPS da ke aika wurinsu ta tauraron ɗan'adam. Da yake giwaye a garke suke tafiya, abin wuya ɗaya yana nuna inda da yawa suke. Idan suka doshi gonakin ƙauyukan da ke kewaye, ana iya gargaɗin manoma da wuri. A ƙauyukan ma akwai mutanen da aka ɗora wa sa ido, suna buga waya idan giwa ta fito. Wannan yana da muhimmanci, domin giwa na iya cinye wahalar shekara guda ta manomi a dare ɗaya, kuma manomin da aka yi wa haka ba zai ga kyanta ba.

Masu sintiri suna shigar da abin da suka gani, tarko ko sansanin mafarauta ko sawun zaki, a manhajojin CyberTracker da SMART, kowane da wurinsa. An ƙirƙiri CyberTracker ne a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, da hotuna a madadin rubutu, don gwanayen bin sawu da ba su yi karatun boko ba su iya amfani da ita. A Nijar kuwa ana gane kowane raƙumin dawa da zanen jikinsa, wanda ba ya kama da na wani, ta hanyar ɗaukar hotonsa dama da hagu.

Ladabin cikin mota

Dabbobin gandu sun saba da siffar mota. Mutumin da ya miƙe tsaye kwatsam ko ya sauka don salfi ya fita daga wannan siffar, kuma giwa mai ɗa ko ɓauna ko dorina duk sun fi shi gudu. Ba a sauka sai jagora ya ce a sauka. A kashe fitilar kyamara, da ƙarar ɗauka, da ƙarar kira. Kada a kunna kukan dabba daga YouTube don a jawo ta. Jirgi maras matuƙi kuma a bar shi a gida: ƙararsa tana firgita giwaye har a Tanzaniya ana korar su daga gonaki da shi, kuma tashinsa a Najeriya yana buƙatar izinin hukuma. A sansanin Wikki, birai sun ƙware wajen fizge leda da jaka, ba ruwansu da ko waya ce a ciki.

Ana iya farawa daga fadamar gida

Wanda kuɗinsa bai kai Bauchi ba tukuna yana da abin kallo a kusa. A madatsar ruwan Shagari da fadamun yankin akwai balbela, zalɓe, kirinjijiya da shirwa. Akwai shamuwa da ke zuwa gab da faɗuwar damina, da jan-baki da manoman gero da shinkafa suka sani sarai. Daga Oktoba zuwa Maris kuma ana samun baƙin tsuntsaye da ke ƙetaro Sahara daga Turai.

Manhajar Merlin Bird ID ta jami'ar Cornell da ke Amurka kyauta ce. Ana sauke kundin tsuntsayen yanki sau ɗaya, ta ci gaba da gane su daga hoto ba tare da data ba. Gane kuka da take yi ya fi ƙarfi a tsuntsayen Amurka da Turai. iNaturalist kuma tana karɓar hoton kowace halitta, tsuntsu ko ƙwaro ko tsiro, masana daga ko'ina su taimaka da sunanta. Ita da kanta take ɓoye ainihin wurin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, kuma tana ba masu amfani damar ƙara sunayen da ake kiran halittu da su a harsunansu, har da Hausa.

Akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015 ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. An raba ƙasar zuwa murabba'ai masu kusan kilomita 9 kowane gefe. Mai sa kai yana shafe aƙalla awa biyu a murabba'i ɗaya, yana shigar da duk tsuntsun da ya gane a manhajar BirdLasser. A nan GPS na waya ya zama abin amfani, domin shi ke nuna murabba'in da mutum yake ciki. Ba a tambayar digiri, kuma bayanan da aka tara daga bakin ruwan Shagari ko gonakin Sifawa suna shiga rumbu ɗaya da na masana.

Matashin da ya yi wata uku yana wannan da madubinsa da wayarsa ya riga ya koyi abin da ake buƙata a bayan motar Yankari: fita da asuba, yin shiru, lura da motsi a cikin ciyawa, da riƙe hannu ba rawa. Idan ranar tafiya ta zo, ya kira gandun ya ji farashin shiga da na mota da na jagora, ya tambayi halin hanya, ya bar gida da rana, ya sauke taswira, ya kashe alamar wuri. In giwa ta fito, ya ɗauki hotuna biyu ko uku, sannan ya sauke wayar ya kalle ta da idonsa kafin ta shige kurmi.